Birnin Punta Arenas: Ƙasa, Iska da Tarihi a Ƙurewar Kudancin Amurka

Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe taswirar duniya ya bi nahiyar Amurka ta Kudu da ido zai ga tana ta tsukewa tun daga ƙasar Barazil, har ta zama kamar wutsiya, sa'an nan ta farfashe ta koma tsibirai. A daidai inda ta fara farfashewar nan ne birnin Punta Arenas yake, cikin ƙasar Cile, a gaɓar mashigin tekun da ake kira Mashigin Magellan. Ƙidayar shekarar 2017 ta nuna mazauna birnin sun haura 120,000, kuma daga nan har ƙarshen duniya ta kudu babu wani birni da ya kai shi yawan jama'a.

Tambayar da wannan lacca za ta bi ita ce: yaya aka yi wurin da yunwa da sanyi suka hallaka Turawan da suka fara zama a cikinsa a 1584 ya zama matattarar attajirai wajen shekarar 1900, alhali kuwa iskar ba ta lafa ba, sanyin bai ragu ba, ƙasar kuma ba ta matsa daga inda Allah ya ajiye ta ba? Domin samun amsa, za a fara da labarin ƙasar da yanayinta, sa'an nan a bi tarihin daki-daki.

Zubin Ƙasar

Punta Arenas yana kan digiri 53 kudu da Ikwaita, a gefen gabas na wani zirin ƙasa da ake kira Brunswick. Mashigin da yake fuskanta ya kai tsawon kimanin kilomita 570, ya haɗa Tekun Atilantika da Tekun Fasifik, ya kuma raba jikin nahiyar da babban tsibirin Tierra del Fuego. Ƙanƙarar zamanin dā ce ta sassaƙe shi, domin manyan kogunan ƙanƙara sun daɗe suna gangarowa daga tsaunukan Andes suna yashe ƙasa, da suka narke sai teku ya cike gurbinsu. Shi ya sa mashigin ya karkace, wani wuri ya buɗe ya yi faɗi, wani wuri kuwa ya matse har faɗinsa bai wuce kilomita 2 ba. A bakinsa na gabas teku yakan cika ya janye da tsayin da ya haura mita 7, ruwan kuma yakan kwarara ta ƙuntatattun wurare da ƙarfin da zai iya mai da ƙaramin jirgi baya.

Nisan birnin daga Santiyago, babban birnin Cile, ya haura kilomita 2,000 ta sama. Ta ƙasa kuwa babu hanyar mota da ta haɗa su kai tsaye cikin Cile, saboda wani makeken filin ƙanƙara da ɗimbin lungunan teku sun datse tsakani. Mai mota sai dai ya ratsa ta Ajantina, ko kuwa ya ɗora motarsa a jirgin fito. Wannan keɓewa ta sa mutanen lardin, watau lardin Magallanes, suke ganin kansu a matsayin jama'a ta daban.

Yanayi

Abubuwa uku ne suka haɗu suka yi yanayin wannan wuri: iska, teku, da tsauni.

Na farko, iska. Tsakanin digiri 40 da 60 na kudu iska tana busowa daga yamma kusan duk shekara. A arewacin duniya ma akwai irinta, amma can manyan nahiyoyi suna karya ƙarfinta. A kudu kuwa kusan babu ƙasa a wannan tsakani in ban da wutsiyar Amurka, saboda haka iskar takan kewaye duniya bisa ruwa ba abin da ya tare ta, har ta zo ta faɗa wa Patagoniya. A Punta Arenas gudunta yakan wuce kilomita 100 cikin sa'a ɗaya, musamman daga Oktoba zuwa Fabrairu. A irin waɗannan ranaku hukumar birni takan ɗaura igiyoyi a wasu kusurwoyin tituna domin masu tafiya a ƙasa su riƙe. Itatuwan da ke fili kuwa duk sun sunkuya sun fuskanci gabas.

Na biyu, teku. Ruwa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin sakinsa, saboda haka garin da teku mai sanyi ya kewaye ba ya samun tsananin zafi ko matsanancin sanyi. Lokutan shekara a can kishiyar na arewacin duniya ne. Janairu ne tsakiyar lokacin ɗumi, amma matsakaicin zafinsa bai wuce kimanin digiri 11 a ma'aunin Salsiyas ba. Yuli ne tsakiyar hunturu, matsakaicinsa kuwa wajen digiri 2 ne. Birnin Liverpool na Ingila yana kan digiri 53 shi ma, ta arewa, amma ɗuminsa ya fi na Punta Arenas nesa ba kusa ba. Wannan ya haifar da abu biyu masu muhimmanci ga tarihi. Tekun ba ya daskarewa, don haka jiragen ruwa suna iya zuwa kowane wata. Amma ɗumin bai isa ya nunar da alkama yadda ya kamata ba, don haka garin bai taɓa iya dogara da hatsin gonarsa ba.

Na uku, tsauni. Iskar yamma tana tasowa daga Fasifik cike da laima. In ta ci karo da tsaunukan Andes sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta a gefen yamma, inda akan sami milimita dubbai a shekara. Kafin ta sauko gabas ta riga ta bushe. Punta Arenas yana samun kimanin milimita 400 ne kurum, watau kusan abin da Damagaram take samu. Bambancin shi ne, a can ruwan yana rarrabuwa cikin dukan watanni, sanyi kuma ba ya barin rana ta tsotse shi da wuri. Ta haka ƙasar ta kasu biyu: kurmi mai duhu da fadamu a yamma, filin ciyawa marar itace a gabas. Birnin yana zaune daidai kan iyakar waɗannan biyu.

Har ila yau akwai batun haske. A Disamba yini yakan kai sa'a 17, a Yuni kuwa ba ya kai sa'a 8. Saboda gajartar yinin hunturu ne, tun 2017, lardin ya daina mai da agogonsa baya tare da Santiyago.

Mutanen Farko

Dubban shekaru kafin zuwan Turawa akwai al'ummun da suka laƙanci zama cikin wannan yanayi. Aonikenk suna farauta a filayen ciyawa na jikin nahiyar. Selk'nam suna bin wata dabba mai suna gwanako, dangin raƙumi ce marar tozo, a tsibirin Tierra del Fuego. Su ci namanta, su yafa fatarta, su yi bukka da ita. Kawésqar da Yagan kuwa rayuwarsu cikin kwalekwale take, suna kamun kifi da dabbobin ruwa, suna shafa kitse a jiki domin sanyi, suna kuma ɗauke da wuta a tsakiyar kwalekwalen bisa ɗan yumɓu. Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ta dogara da noma ko ta kafa gari na dindindin. Sun gane cewa abinci a ƙasar nan yawo yake yi, mai son ci sai ya bi shi. Wutar da irin waɗannan mutane suke hurawa ce jiragen Ferdinand Magellan suka hango a 1520, har aka raɗa wa tsibirin sunan da ke nufin Ƙasar Wuta.

Tashar Yunwa

Magellan, mutumin Fotugal da ke yi wa Sarkin Sifaniya aiki, ya shiga mashigin ran 21 ga Oktoba 1520, ya fita ran 28 ga Nuwamba. Sifaniya ta ɗauka ta sami ƙofar da babu mai bi sai ita, har zuwa 1578, sa'ad da Francis Drake na Ingila ya ratsa ya je ya washe garuruwanta na gaɓar Fasifik. Sai Sarki Filibus na Biyu ya ba da umurni a toshe ƙofar. A 1581 aka tashi jirage 23 daga Sifaniya, amma hadari da cuta da gudun ma'aikata suka yi ta rage su, har waɗanda Pedro Sarmiento de Gamboa ya sauke a bakin mashigin a 1584 ba su wuce mutum 300 da 'yan kai ba.

Sarmiento ya kafa ƙauyuka biyu. Na biyun, mai suna Rey Don Felipe, an kafa shi a watan Maris, kimanin kilomita 60 kudu da inda Punta Arenas yake a yau. Maris kuwa a can farkon kaka ne, hunturu na tafe. Irin da suka zo da shi na ƙasa mai ɗumi ne, bai yi ba. Sarmiento ya fita da jirgi ɗaya tak da ya rage, iska ta kora shi cikin Atilantika, bai sake samun komawa ba, daga baya ma Ingilishi suka kama shi. Da Thomas Cavendish ya biyo a farkon 1587, gawarwaki ya tarar a cikin bukkoki, da 'yan tsirarun da suka rage a gaɓa. Mutum ɗaya ya ɗauka, Tomé Hernández, wurin kuma ya sa masa sunan da ke nufin Tashar Yunwa. Sun mutu da yunwa a ƙasar da 'yan asalinta suke ƙoshi, domin sun zo da dabarar zama wuri ɗaya da jiran amfanin gona, abin da yanayin bai yarda da shi ba.

Bayan wannan, mashigin ya yi shekara fiye da 250 babu garin Turawa a bakinsa. Dalilin yana ga iska. Jirgi mai filafilai da ya nufi yamma cikin mashigin yana fuskantar iskar ne gaba da gaba, ga ƙunci, ga duwatsu, ga guguwa da ke faɗowa daga kan tsauni ba zato. Da Willem Schouten da Jacob Le Maire na Holan suka gano hanyar Cape Horn a 1616, sai matuƙa suka gwammace buɗaɗɗen teku, kome haukansa, da wannan lungu.

Tururi da Kafuwar Birni

Abin da ya sāke lissafin shi ne jirgi mai aiki da tururi, wanda bai damu da inda iska ta fito ba. A 1840 jirage biyu masu tururi, Chile da Peru, na kamfanin Pacific Steam Navigation, suka ratsa mashigin. Nan take shugabannin Cile, wadda ba ta daɗe da samun 'yanci ba, suka gane cewa in ba su riga kowa ba, Ingila ko Faransa za ta mallaki wurin. Shugaba Manuel Bulnes ya aika wani ɗan ƙaramin jirgi mai suna Ancud, ƙarƙashin John Williams, aka kafa tutar Cile ran 21 ga Satumba 1843. Washegari wani jirgin yaƙin Faransa, Phaéton, ya iso wurin.

Sansanin da aka gina, Fuerte Bulnes, yana kan wani tsiririn dutse daf da tsohuwar Tashar Yunwa. Wurin ya dace da gadi, amma iska tana dukansa ta ko'ina, ƙasarsa ba ta noma, babu kuma makiyaya ta kirki. Gwamna José de los Santos Mardones ya ga tarihi yana shirin maimaita kansa, sai ya kwashe jama'ar a 1848 ya mai da su arewa, bakin wani kogi, wurin da matuƙan Ingila suke kira Sandy Point saboda yashinsa. Fassarar wannan suna ce Punta Arenas. Zaɓin ya nuna sanin ƙasa: akwai ruwan sha, akwai katako daga kurmin da ke bayan gari, akwai ciyawa ta arewa, akwai kwal a kwarin kogin, tuddan yamma kuma suna ɗan kāre jiragen da suka tsaya a gaɓa.

Duk da haka, shekarun farko na wahala ne. Gwamnati ta mai da garin wurin tsare fursunoni da sojojin da aka hukunta, domin nisa da sanyi sun isa katanga. A 1851 wani hafsa, Miguel José Cambiazo, ya yi bore, ya kashe Gwamna Benjamín Muñoz Gamero, garin ya zama kufai. A 1877 sojojin igwa suka sake wani boren, suka ƙone yawancin gidaje. Amma tun kafin wannan na biyu alamun canji sun bayyana, domin a 1868 an ɗauke wa tashar kuɗin fito, jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Liverpool da Valparaíso kuma sun fara tsayawa a kai a kai. Yarjejeniyar iyaka ta 1881 tsakanin Cile da Ajantina ta bar wa Cile mashigin, bisa sharaɗin ya zama buɗe ga jiragen kowace ƙasa.

Tumaki

A 1877 Gwamna Diego Dublé Almeyda ya kawo tumaki 300 daga tsibiran Falkland, wani Bature ɗan Ingila, Henry Reynard, ya saye su ya zuba a tsibirin Isabel. Gwajin ya yi kyau ƙwarai. Filin nan da ya ƙi alkama ashe makiyaya ce, sanyi da iska kuma suna sa gashin tunkiya ya yi kauri, masaƙun Ingila kuwa a lokacin ba sa ƙoshi da ulu. Abincin wani, in ji Hausawa, gubar wani. Cikin shekaru kamar 30 tumakin lardin suka kai wajen miliyan 2. Gwamnati ta riƙa ba da hayar filaye masu girman gaske. José Nogueira shi kaɗai ya sami fiye da hekta miliyan 1 a Tierra del Fuego a 1890. Bayan rasuwarsa matarsa Sara Braun da ɗan'uwanta Mauricio Braun suka kafa kamfanin Sociedad Explotadora de Tierra del Fuego a 1893. José Menéndez, mutumin Sifaniya, ya gina tasa daular ta tumaki da jirage da kantuna. Daɗin daɗawa, an sami zinariya a gaɓar yankin a 1884, abin da ya jawo baƙi, musamman Kuroshiyawa daga gaɓar Dalmatiya, yayin da leburori suka yi ta zuwa daga tsibirin Chiloé. Jama'ar lardin da ba su wuce kimanin 2,000 ba a 1885 sun haura 17,000 a 1907. Manyan gidajen attajiran nan suna nan har yau a kewayen dandalin birnin.

Amma filin da aka bayar haya ba kango ba ne. Da aka kewaye shi da waya aka kori gwanako, sai Selk'nam suka koma farautar tumaki, domin a al'adarsu dabbar da ke yawo a ƙasar mutum halalinsa ce. Masu garke suka ɗauki 'yan bindiga haya, an kuma ruwaito ana biyan fam ɗaya na Ingila kan kowane mutum da aka kashe. A 1895 aka kawo Selk'nam 165 Punta Arenas aka rarraba su ga mazauna gari, aka raba 'ya'ya da iyayensu. Waɗanda aka kai mishan ɗin limaman Salesiya a tsibirin Dawson, wanda aka buɗe a 1889 aka rufe a 1911, ɗaruruwansu tarin fuka da sauran cututtukan baƙi suka kashe. Al'ummar da aka ƙiyasta ta kai mutum 3,500 zuwa 4,000 wajen 1880 ta kusa ƙarewa cikin shekara 30. Mutanen da sanyi da iska suka kasa kawarwa cikin dubban shekaru, waya da bindiga da cuta sun kawar da su cikin rayuwar mutum ɗaya. Sai a 2023 ne dokar Cile ta amince da Selk'nam a matsayin al'ummar asali mai zuriya da ke raye.

Bayan Mashigin Fanama

Arzikin da wuri ya bayar, wani wuri yana iya ƙwacewa. Ran 15 ga Agusta 1914 aka buɗe Mashigin Fanama, jiragen da dā dole su kewayo ta kudu suka sami gajeriyar hanya. Tun 1912 kuma gwamnati ta kafa kwastan a tashar, kaya suka yi tsada. Rikicin ma'aikata da masu garke ya tsananta, har aka ƙone ofishin ƙungiyar ƙwadago ta Magallanes ran 27 ga Yuli 1920, aka kashe mutane a ciki.

Birnin bai mutu ba, domin ƙasar tana da sauran abin bayarwa. Ran 29 ga Disamba 1945 aka haƙo man fetur a Manantiales, cikin Tierra del Fuego, a 1950 kuma aka kafa kamfanin mai na ƙasa, ENAP. Iskar gas ta zama abin ɗumama gidaje kusan duk shekara. Wannan ya sa da aka yi shelar ƙarin kusan kashi 17 cikin ɗari kan farashinta a Janairun 2011, jama'a suka datse hanyoyi na kwanaki har gwamnati ta sassauta. A garin da matsakaicin ɗuminsa bai wuce kimanin digiri 11 ba, kuɗin gas batu ne na rayuwa. Keɓewar yankin kuwa ta ci gaba da amfanar masu mulki kamar dā, domin bayan juyin mulkin 1973 tsibirin Dawson aka kai ministocin gwamnatin Salvador Allende aka tsare. A 1978 saura ƙiris Cile da Ajantina su gwabza yaƙi kan tsibirai uku a Mashigin Beagle, sai da Paparoma John Paul na Biyu ya shiga tsakani aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a 1984.

Yanayin ma bai daina nuna ƙarfinsa ba. A Agustan 1995 dusar ƙanƙara ta rufe makiyaya, tumaki fiye da 100,000 suka mutu. A Maris 2012 kogin da ya ratsa birnin, wanda saboda shi aka zaɓi wurin tun farko, ya yi ambaliya ya cika tsakiyar gari da laka.

Ƙofar Antatika

Kusancin birnin da nahiyar Antatika ya ba shi wani sabon matsayi. A 1916, bayan ƙanƙara ta murƙushe jirgin Ernest Shackleton, wani matuƙin sojan ruwan Cile, Luis Pardo, ya tashi daga Punta Arenas cikin ƙaramin jirgi mai suna Yelcho, ya ceto mutum 22 daga tsibirin Elephant ran 30 ga Agusta. A 2003 aka mai da hedkwatar Cibiyar Nazarin Antatika ta Cile zuwa birnin, kuma masana na ƙasashe da yawa ta nan suke bi.

Kusancin yana da nasa sharrin. A 1985 masanan Birtaniya suka bayyana cewa iskar ozon, wadda ke tace hasken rana mai ƙuna a sararin sama, tana zaizayewa bisa Antatika saboda wasu sinadarai na masana'antu. A Oktoban 2000 ɓular ta kai har bisa Punta Arenas, aka gargaɗi jama'a su guji rana. Mutanen da ba su da hannu a ɓarnar su ne suka fara ɗanɗana ta. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kai ga hana sinadaran, ozon ɗin kuma yana farfaɗowa sannu a hankali. A Disamban 2022 kuwa aka buɗe wata masana'antar gwaji, Haru Oni, kusa da birnin, wadda ke amfani da ƙarfin iska wajen samar da lantarki domin haɗa man mota. Iskar da ta kori Sarmiento ita ce yanzu ake saye.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, amsar tambayar farko ta fito. Yanayin Punta Arenas ya gindaya sharuɗɗa tabbatattu: hatsi ba ya wadata, teku ba ya daskarewa, iska ba ta tsayawa, ciyawa tana gabas, itace yana yamma. Wanda ya zo da buƙatar da ta saɓa wa waɗannan sharuɗɗa, kamar mutanen 1584, ya hallaka. Wanda ya zo da abin da ya dace da su, kamar tururi da tunkiya, ya yi arziki. Sai dai kowane arziki da birnin ya samu ya rataya ne ga buƙatar wasu mutane na nesa, masaƙan Ingila ko masu jiragen Turai, kuma ranar da buƙatar ta kau, arzikin yakan bi ta.

Akwai kuma iyakar da bai kamata mai nazari ya tsallake ba. Labarin ƙasa yana bayyana dalilin da ya sa tumaki suka yi albarka a Tierra del Fuego, amma ba ya wanke waɗanda suka ba da filin haya da mutanensa a ciki, ko waɗanda suka biya ladan kisa. Wannan shawara ce ta 'yan Adam, a ofisoshin Santiyago da Punta Arenas aka yanke ta. Yau da kamfanoni suke neman filayen Magallanes domin kafa injinan iska, tambayar da aka ƙi yi a 1890 ta sake tasowa: wa ke zaune a ƙasar, kuma mene ne rabonsa cikin abin da za a samu?